Ranar Da Na Ƙi Goya Auta

Ku masu turo min saƙo kuna cewa na cika zaɓe, wai mutum kamar Mai Tayal ya fito yana sona ina ta jan aji, yau ku gyara zama. Ban ce ku ba ni gaskiya ba. Ku dai karanta har ƙarshe, sannan wadda za ta zage ni ta zage ni da hujja.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce babba a ɗakinmu. Ɗinki nake yi a falon gida, shi ya sa kowa Tela yake ce min, har Mama da ta haife ni. Babanmu direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya a kan gida. Sai ƙanwata Auta, shekararta sha biyar, wadda shan inna ya taɓa wa ƙafafu tun tana ƙarama. Da sanduna biyu take tafiya, kuma in ƙasa a shimfiɗe take sai kun ɗaga ƙafa za ku cim mata. Bakinta kuwa lafiyarsa ƙalau, har ta yi yawa.

Bana ta shiga ajin kimiyya, sai aka mayar da ajin nasu saman bene. Matakalar doguwa ce, ga santsi. To mu a gidanmu akwai wata dokar Mama da ba a rubuta ba: ba a ganin gazawarmu a waje. In takalminki ya tsinke a hanya, ki ja ƙafa a hankali kina murmushi har ki iso gida. Don haka kullum da sassafe, kafin ɗalibai su fara zuwa, ni da Auta muna can. In durƙusa ta hau bayana, in rataya jakarta a wuya, in haɗa sandunan a hannu ɗaya, mu hau. In an tashi, sai kowa ya watse nake komawa in sauko da ita.

Wata safiya ƙafata ta zame. Ba mu faɗi ba, gwiwata ce kawai ta daki siminti, amma a kan idon shugabar makaranta. Washegari ta kira mu ofis har da Mama, ta ce ita ba za ta ɗauki alhakin karyewar kowa ba, daga sabon wata Auta ta koma ajin da ke ƙasa. Ajin ƙasan ba na kimiyya ba ne. Auta kuwa tun tana firamare ta yanke cewa magunguna za ta riƙa haɗawa, har kwalayen maganin Mama take haddacewa tana gyara mata lokacin sha.

Mama ta risina ta ce, "Mun gode, ranki ya daɗe." Godiya fa! Auta ba ta ce uffan ba har muka iso gida, kuma shirun Auta abin tsoro ne.

Wata mai kawo min ɗinki ce ta ba ni labarin wasu lauyoyi masu tsaya wa ɗaliban da iyayensu ba su da ƙarfi, kuma kyauta suke yi. Na sa doguwar rigata ruwan toka da baƙin mayafi, don a ganina wurin lauya sai da kamala, na ja Auta muka tafi. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon buga takardu: kujerun roba, fanka mai juyawa in ta ga dama, da tulin fayil har kan taga. Na zaci zan ga dattijo mai tumbi. Sai ga wani siririn saurayi, wuyan rigarsa ya fara cinyewa, aljihun ya sha tawadar biro, hular babur a kan tebur. Idon tela gare ni, kafin ya gama amsa sallama na ga maɓallinsa na uku da jan zare aka ɗinke shi a kan farar riga. Raina ya sosu.

Na buɗe baki zan zuba bayani, ya ɗaga hannu.

"Yi haƙuri, Yaya. Wa aka cire daga aji?"

"Ita."

"To ita zan fara ji."

Ya jawo kujerarsa ya zauna daidai da Auta. Ni da na taho da jawabi tun daga gida, har da wurin da zan yi hawaye, na koma 'yar rakiya.

"Me kike so a yi miki?" ya tambaye ta.

"Akwai wani ɗaki a ƙasa kusa da ofis, an cika shi da karyayyun kujeru," in ji Auta. "Kujerun da suka karye suna ƙasa suna hutawa, ni ina sama. A musanya mu."

Ya yi dariya har sai da ya dafa tebur. Sannan ya ce ba alfarma za mu roƙa ba, haƙƙinta ne ta yi karatun da ta cancanta a inda ƙafarta za ta kai. Zai rubuta wa hukumar ilimi, za su turo jami'i ya gani da idonsa.

"Abu ɗaya ke damuna," ya ce yana kallona. "Kun iya ɓoyewa. Yarinyar nan ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa fashi ba. Wanda aka turo zai ce to ina matsalar?"

"Ranar da zai zo kar a goya ni," in ji Auta.

Ya girgiza kai. "Ba zan sa ki ba. Ke za a kalla, ba ni ba."

"Ai dama ana kallona. Gara a kalle ni da dalili."

Da muka faɗa wa Mama, kwanon da ke hannunta ta dire.

"Ɗiyata ta zauna a gindin bene jama'a na wucewa suna kallonta? Ina raye? Shi lauyan nan uwarsa ta san abin da yake sa 'ya'yan mutane?"

"Mama, ni na ce," in ji Auta.

"Ke rufe min baki. Ke kuma Tela, ga mutum Allah ya kawo miki har gida, kin tsallake shi kin tafi neman na kyauta."

Mutumin da Allah ya kawo shi ne Mai Tayal. Shagon sayar da tayal gare shi a bakin babban titi, ya daɗe yana nemana, kuma in faɗi gaskiya ba shi da mugun hali. Turarensa kan riga shi shigowa gida, ya kuma daɗe bayan ya tafi. Damuwata da shi ɗaya ce: a wurinsa babu matsalar da kiran waya ɗaya ba zai kashe ba. Rannan ina kan keke ina ɗinki saƙonsa ya shigo.

"Gimbiya barka da hantsi. Mama ta ce wai lauyan kyauta kuka samo. Haba dai!"

Ban amsa ba. Wani ya biyo baya.

"Ki bar min komai. Kin ci abinci?"

Na rubuta masa, "Don Allah kar ka yi komai." Ya turo min furanni jajaye cike da allon waya. Ya kamata a ce tun a nan na sha jinin jikina.

Saƙon Lauya kuwa, da ya zo, ko gaisuwar kirki babu: "Jami'ar hukumar ilimi za ta zo Laraba da safe. Ki tambayi Auta ko har yanzu tana kan bakanta. In ta fasa ba laifi, akwai wata hanyar." Na karanta shi ya fi a ƙirga. Kar ku tambaye ni abin da nake nema a ciki.

Ranar Laraba na goge wa Auta farar rigar makarantarta har tana ɗaukar ido. Mama ta ciro leshinta na ƙasan akwati mai ruwan zuma, ta yafa babban mayafi, ta ce in za a kunyata mu gara a kunyata mu da kwalliya. Karon farko muka shiga makarantar tare da sauran ɗalibai. Na zaunar da Auta a kan benci a gindin matakala, Mama na gefenta ta yi kicin-kicin, ni kuma na koma bakin ƙofa jiran Lauya, don ya ce tayar babur ɗinsa ta yi faci a hanya.

Ya iso yana gumi, hannunsa duk baƙin mai. Muka shigo tare. Benci wayam.

Turaren na fara ji. Ga Mai Tayal yana saukowa daga bene cikin shadda fara ƙal, ya washe baki, bayansa wasu ƙarti biyu masu yi masa lodin kaya, ɗaya riƙe da kujerar roba.

"Gimbiya! An gama. A kan kujera muka ɗora ta, kamar sarauniya. Ko nauyi ba ta da shi."

Na kalli Mama. Mama ta dage tana gyaran bakin mayafinta.

Jama'a, na so in yi ihu. Lauya dai ya ciro hankici yana goge hannu a hankali. Kafin in samu bakin magana sai ga jami'ar ta iso, wata gajeriyar mata mai tabarau da takalmi shafaffe, tana tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Aka ɗunguma ofishin shugabar makaranta.

Shugaba ta ga hanya ta buɗe, ta bi ta da gudu. "Kin gani, ranki ya daɗe, yarinya na cikin ajinta yanzu haka. Tsorona dama kar yayarta ta faɗi da ita. Tunda iyalin suna da masu ɗauka, ni ba ni da ja."

Jami'ar ta dubi Mai Tayal ta saman tabarau. "Kai wane ne?"

Ya gyara hula. "Ni ne... mai shirin zama surukin gidan, in Allah ya yarda."

Biron Lauya ya tsaya cak a kan takarda. Na gani. Bai ɗago ba, amma na gani.

"Kullum mutanenka za su riƙa zuwa?"

"Kullum, ranki ya daɗe! Safe da rana!"

A nan na gane inda aka dosa. Wato daga yau karatun Auta ya rataya a wuyan aurena ke nan. In na ce a'a, ƙarti su daina zuwa. In na ce e, ƙanwata ta ƙare makaranta a kan kujerar roba maza biyu na ɗaga ta kamar buhu. Ga jami'ar har ta fara mayar da murfin biro.

Sai wayar Mai Tayal ta yi ƙara. Motar kayansa ce ta iso shago, direba na ta masifa ya tare hanya. Ya miƙe yana ba da haƙuri, ya ce yanzu-yanzu zai dawo, ya kwashi ƙartinsa duka biyun ya fice.

Lauya ya yi gyaran murya. "Ranki ya daɗe, kowa ya yi magana a ɗakin nan ban da mai ƙarar."

"Gaskiya ne," in ji jami'ar tana duba agogo. "A kira min ita."

Shugaba ta aika wata malama. Daidai nan aka kaɗa ƙararrawar tara. Sai ɗakin ya yi tsit, don kowa ya tuna a lokaci guda cewa Auta ba ta kiruwa haka nan. Idanu suka dawo kaina. Mama ta mintsine ni a cinya.

"Tashi ki ɗauko ta," ta ce ƙasa-ƙasa.

Wallahi jikina har ya fara tashi da kansa. Na tura hannuwana ƙarƙashin cinyoyina na danne su.

"Tela, da ke nake."

"Mama, ta ce kar a goya ta."

Ban taɓa ƙin maganar Mama a gaban mutane ba sai ranar. Sai muka ji ƙarar ƙarfe a kan siminti, ƙwal-ƙwal-ƙwal. Muka fito gaba ɗaya.

Sandunan Auta ne ta zuro su suka riga ta isowa ƙasa. Ita kuma tana zaune a matakalar sama. Ta dafa hannu biyu, ta sauke jikinta zuwa ta gaba, ta jawo ƙafafunta, ta sake dafawa. A bayanta 'yan ajinsu ne cunkus, an tashi tara amma babu wanda ya tsallake ta. In ta sauko ɗaya, su sauko ɗaya. Wata ƙawarta ta rungume mata jaka. Farar rigar da na goge tana sharar ƙura, ni kuwa ƙafata ta kai ni gindin benen ban sani ba.

"Yaya," ta ce ba tare da ta ɗaga murya ba, "in kika taɓa ni, ba ni ba ke."

Na tsaya. Hawaye na zuba, na bar su.

Da ta kai tsakiya ta tsaya tana mayar da numfashi, ta hango jami'ar. "Sannu da zuwa, ranki ya daɗe. Ki yi haƙuri, zan ɗan daɗe."

'Yan ajin suka fashe da dariya. Jami'ar ba ta yi ba. Ta daina duba agogo, ta tako da kanta ta hau har inda Auta take, ta tattare zaninta ta zauna kusa da ita a kan simintin.

"Kullum haka kike saukowa tara?"

"Ba na saukowa. Sai an tashi."

"Banɗaki fa? Ai a ƙasa yake."

"Ba na shan ruwa a makaranta, ranki ya daɗe. Sai na koma gida."

Muryar Mama ta fito daga bayana, wata iri. "Gorar ruwan da nake cika miki kullum fa? Ai babu komai a ciki kike dawo da ita."

Auta ta sunkuyar da kai. "Akwai wani fure a tagar ajinmu, Mama. Bana ya yi kyau sosai."

Ni da nake goya ta kullum ban sani ba. Mama da take wanke gorar ba ta sani ba. Ashe Auta ta fi mu duka iya dokar gidan.

Abin da ya biyo baya, da ba a gabana aka yi ba da na ƙaryata. Mama ta zare babban mayafin nan ta ci ɗamara da shi a kan leshin ƙasan akwati. Matar da ko canjin da ba daidai ba aka ba ta sai ta yi godiya ta wuce, ta taka har ƙofar ɗakin karyayyun kujeru ta buga ta da tafin hannu.

"Ina mabuɗin ɗakin nan?"

"Baiwar Allah, ai sai an bi tsari..." in ji shugaba.

"Na bi tsari! Har godiya na yi miki! Ina mabuɗi?"

Jami'ar ta miƙe tana kakkaɓe zani. "A ba ta mabuɗin. Kafin Litinin nake son ajin nan ya dawo ƙasa, kuma zan sa a rubuce kafin in bar nan." Ta juya ga Lauya. "Kai kuma na san halinku, za ka zo ka duba."

"Da sassafe, ranki ya daɗe."

Ɗalibai da suka ji za a kwashe kujeru a maimakon darasin lissafi, ai sai murna. Kafin ka ce me an yi layi ana fito da tarkace. Lauya ya naɗe hannun riga ya shiga cikinsu. Mama na tsaye a ƙofa tana ba da umarni kamar ita ta gina makarantar, Auta kuwa na kan benci an kawo mata ruwa a kofi, tana sha tana lumshe ido don ta ba ni haushi.

Ana cikin haka Mai Tayal ya dawo da ƙartinsa da kujerar robarsu. Aka ba shi labari. Na zaci zai hau fushi. Sai ya shiga ɗakin ya dudduba simintin da ya farfashe, ya fito ya tsuguna a gaban Auta.

"Ƙanwata, na yi miki karambani ɗazu. Ki yafe min. Ƙasan nan zai kama miki sanda, bari in shimfiɗa masa tayal kafin Litinin."

"Na yafe," in ji Auta. "Amma kar ka sa mai santsi."

Kun ga irin abin da nake faɗa muku? Da mugu ne ai da na huta.

Ranar Litinin muka isa makaranta rana ta fito sosai. Ɗaki ya sha shara da sabon tayal mai kaushi, an jera kujeru. Muna bakin ƙofar aji wayata ta yi ƙara sau biyu a jere. Na farko Mama ce: "Mai Tayal ya ce manyansa na son zuwa ganin babanku in ya dawo. Me zan ce musu?" Na biyu Lauya: "Na zo da sassafe na duba, komai ya yi. Na rufe fayil ɗin Auta, daga yau ni ba lauyanku ba ne. Akwai maganar da aikina ya hana ni yi. Zan iya zuwa gaishe da Mama?"

Na tsaya riƙe da waya. Shekara da shekaru amsa ɗaya nake ba duk wanda ya zo da maganar aure: ba yanzu ba, Auta na buƙatata. Har yatsana ya fara rubuta ta.

Ashe 'yar banzar ta leƙo ta gefen kafaɗata ta karance duka biyun. Ta gyara sandunanta, ta taka ta shige aji da ƙafarta a tsakiyar ƙawayenta, sannan ta waiwayo.

"Yaya, gobe ba sai kin rako ni ba. Na sauka daga bayanki. Yanzu da wa za ki fake?"